Na tara kuɗin keken ɗinki daga rarar cefane, maigida ya gani ya rage min cefanen

Salam Anty, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar Zariya ce aure ya kawo ni Legas, shekararmu 7 a Agege, yaranmu 3, ciki da falo muke haya. Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, ba laifi yana ƙoƙari, kullum kafin ya fita zai ajiye min dubu 5 na cefane. Ni kuma Allah ya yi ni da tattali, ba na zubar da komai. Tun ina yarinya nake son haɗa ƙyallaye, sai nake karɓo ragowar atamfa wajen wata tela a layinmu ina yin rigar filo da shimfiɗar jarirai da allura da zare in yara sun yi barci, wallahi lokacin ne kawai nake jin hankalina ya kwanta. Daga nan na fara cire ɗari 5, wata rana dubu, daga kuɗin cefane ina zuba adashi ban faɗa masa ba, niyyata in sayi keke. Wata biyu da suka wuce na kwashi adashin na ɓoye a akwati, sai ya ci karo da kuɗin yana neman takardar haya. Ashe a satin nan ya ciyo bashi wajen abokinsa ya cika kuɗin haya ni ban sani ba. Bai taɓa kuɗin ba, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi "ashe wahalar banza nake, kuɗin yana isa har da rara", tun daga ranar ya mayar da cefane dubu 3 da ɗari 5, magana ma sai ta kama dole. Yanzu abinci ba ya isarmu, kuɗin suna nan na kasa taɓa su, kuma abinda ya fi damuna in na ɗauki allura sai inji hannuna ya mutu, ba abinda yake zuwa min a kai. Anty sata na yi? In ba shi kuɗin in haƙura da ɗinkin ne?

Wata baiwar Allah daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Bari in fara da tambayar da na san ita take hana ki barci, ni dai ban kira ki ɓarauniya ba kuma ba zan kira ki ba. Amma ɓoyewar da kika yi kuskure ce, kuma ita ce ta jawo duk wannan, shi ya sa gyaran ma ta nan zai fara.

Kinga wannan ɗari biyar ɗin ba daga sama take faɗowa ba. Duk macen da ta riƙe gida a Legas ta san yadda ake haifar rara, ke ce kike taka ƙafa zuwa inda derikar shinkafa, wato gwangwanin da ake awo da shi, ta fi sauƙi maimakon ki aiki yaro shagon ƙofar gida, ke ce kike jiƙa wake tun dare don kar ya sha gas, tuwon da ya kwana ki ɗumama shi da safe a maimakon a sayi burodi da shayi, man da aka soya kifi ki tace ki ajiye. Da wata ce aka ba dubu biyar ɗin nan kafin la'asar ta ƙare har ta ci bashin maggi. To wannan aiki ne, guminki ne, kuma ina so ki riƙe haka a ranki ranar da za ki zauna da shi don kar ki shiga maganar kamar wadda aka kama da kayan mutane.

Sai dai akwai abinda malamai suke bambancewa a nan kuma ya kamata ki sani. In miji ya ba mace kuɗi a matsayin nata, na ciyarwarta ko suturarta, ya mallaka mata, to abinda ta rage nata ne ta yi yadda take so da shi. In kuma ya ba ta ne a matsayin wakiliya, wato ga kuɗin abincin gida ki sayo, to ragowar tana nan a matsayin dukiyarsa har sai ya yafe mata, ko kuma ya zama an saba a tsakaninsu cewa ba ya tambayar canji kuma ya san tana riƙewa. Kuɗin cefane na kullum ya fi kama da na biyun. Gidaje da yawa a arewa an tashi an ga iyaye mata suna yin asusu da canjin cefane kuma mazan sun sani sun kawar da kai, shi ya sa na san ba da mugun nufi kika yi ba, abinda kika gani ana yi kika yi. Bambancin naki shi ne shi bai sani ba, kuma da ya sani bai ji daɗi ba, to kinga kalma ɗaya daga bakinsa ita ce za ta halatta miki kuɗin nan ki ci su da kwanciyar hankali. Kuma ina zargin abinda ya sa kika kasa taɓa su kenan wata biyu, zuciyarki ta riga ni faɗa miki.

Yanzu zo mu tsaya a inda yake tsaye. Mai albasa a Mile 12 ba albashi yake ɗauka ba, kayan daga su Aliero da Sakkwato ake lodo su, mota ta yi kwanaki a hanya ta biyo ta Jebba da Ilori da Ibadan, in ta lalace a hanya ko ruwa ya dake ta a buɗe buhu a tarar rabi ya fara ruɓewa ko ya tsiro, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota da na komai ya tashi bai sauko ba. Ga na dako, ga na kasuwa, ga kuɗin danfo daga Agege zuwa can ya dawo kullum, ga 'yan gida da suke ganin duk wanda yake kurmi kuɗi yake shara. Akwai ranar da dubu biyar ɗin da ya ajiye miki daga uwar kuɗi ya zaro ta ba daga riba ba, bai dai faɗa miki ba. Sannan haya a garin nan ta shekara ce dunƙule, lanlod ba ya jin kasuwa ta faɗi. Mutumin nan ya cire kunya ya je gaban abokinsa yace ranta min, kin san nauyin wannan a wajen namiji, ya dawo gida ya buɗe akwati yana neman takarda sai ga kuɗi a ƙunshe. Ba lissafin ɗari biyar-biyar ya yi a lokacin ba, abinda ya ji shi ne ina can ina zubar da mutuncina ashe a ɗakina akwai abinda zai rufa min asiri. Ke ba ki san ya ci bashi ba, gaskiya ne, amma shi ma bai san me kuɗin suke yi a akwati ba, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa nasa. Kuma ki duba wani abu da kika faɗa da bakinki kika wuce, bai taɓa kuɗin ba. Wallahi akwai mazan da a ranar za su soke su a aljihu suce ai nawa ne. Wanda ya bar su a inda ya gan su yana jin ciwo ne, kuma yana jiran ki zo ki yi masa bayani.

Wannan ba ya nufin na wanke shi. Rage cefane da ya yi ba daidai ba ne, fushi da ke yake amma cikin yara uku ne yake biya, kuma ciyar da su wajibinsa ne ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Lissafinsa ma bai fita ba, don rarar da ya gani ba ta nuna kuɗin sun yi yawa, dabararki ta nuna, kuma dabara tana da iyaka, ba yadda za a yi a ja dubu uku da rabi ta yi aikin dubu biyar. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan aya ta 67 da cewa in za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙuntatawa, tsakani suke bi. Kema ina so ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, a watannin da kike zubin nan akwai ranar da kika hana yara ƙwai ko kifi ko kika rage musu miya don zubi ya cika? In babu alhamdulillah. In akwai to wannan kar ya sake faruwa, keke ba ya kai cikin yaro daraja.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Kar ki tare shi da maganar yana shigowa da gajiyar kasuwa da ta go-sulo, kar kuma ki yi ta a waya ko a gaban yara. Ki bari ranar da ba ya fita da wuri, ya ci ya huta, ki ɗauko kuɗin gaba ɗaya da abubuwan da kika ɗinka ki ajiye a gabansa. Ki ba shi haƙuri a kan abu ɗaya tak, ɓoyewa. Kice Abban yara na yi kuskure da ban faɗa maka ba, ga abinda nake tarawa dominsa, ga aikin hannuna, kuma wallahi da na san ka ci bashi da ban bari ka fita nema ba. Kar ki haɗa da "ai kaima", ki bar wannan tukuna. Bayan nan ki yi shiru ki bar shi ya fitar da abinda yake cikinsa ko da zai yi zafi, wata biyu yana haɗiye shi.

Maganar kuɗin kuma, ni ra'ayina kar ki miƙa duka kice na haƙura, don in kika yi haka cikin ɓacin rai shekara goma kina tuna masa a zuci, kuma kar ki riƙe duka alhali ana binsa bashin rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa. Ki tambaye shi nawa ya rage a bashin, ki ce a cire daga nan a biya, in ya so in kasuwa ta buɗe ya mayar miki a hankali ki sayi keken. In zuciyarki ta iya ki bar masa wani kaso kyauta to lada ce babba, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take taimakon mijinta da 'ya'yan da suke hannunta kuma Annabi (SAW) ya ce tana da lada biyu, ta zumunci da ta sadaka. Amma ki faɗa a fili wanne ne rance wanne ne kyauta, ku rubuta a littafi, kunyar faɗa a yau ita take zama rigima gobe.

Sai ki roƙe shi abu biyu a zaman nan ko a wani. Na farko ya mayar da cefane yadda yake, kuma ki zo da hujja, ki yi sati ɗaya kafin zaman kina rubuta duk abinda kika saya da farashinsa har gishiri, maza da yawa rabonsu da sanin kuɗin derikar wake tun suna samari, shi albasa ya sani. Na biyu ku yi yarjejeniya a kan rara, ko yace duk abinda kika rage naki ne, ko ku raba biyu rabi ki ajiye a asusun haya rabi na ɗinkinki. Ni na fi son na biyun don ranar da ya ga tattalinki yana rage masa nauyin lanlod shi da kansa zai riƙa kare shi. Kuɗin hayan kuma kar a bar su a akwati, a sa su a banki, adashi yana da daɗi amma sai da uwar adashin da kika san gidanta da mutanenta, garin nan mutum yana iya tashi dare ɗaya.

Kuma ƙanwata kina zaune a kan wata dama ba ki gani ba, mijinki kullum yana cikin kasuwar da rabin Legas take zuwa sayen kayan miya da sari. Me zai sa ki riƙa sayen tumatir kashi-kashi a bakin layi? Ku mayar da wani ɓangare na cefanen ya zama na sati, ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku ya riƙa sayo muku kwando ku raba, musamman daga wajen Janairu zuwa Maris lokacin da tumatirin rani yake sauka daga arewa yana araha. Shanya ba ta cika yi a nan ba saboda danshin garin, sai ya yi fumfuna, amma za ki iya markaɗawa ki tafasa har ruwan ya ƙone ki ajiye. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗa kuwa a sa 'yan gida su ba direbobin da suke kawo musu kaya, shi ya san su. Kinga da haka ya shigo cikin tattalin, ya daina zama wanda ake yi a bayan idonsa.

In kuma kin yi duk wannan ya ƙi sauraro, ki ba shi kwanaki ki sake gwadawa, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In ya dage a kan rage abincin yara to a nan ne za ki nemi babba guda ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacin da yake salla, mutum ɗaya mai riƙe sirri, kar ki kai maganar gurup ɗin dangi kar ki kai wa matan gidan haya. In cefanen ya mayar amma yace kar a ƙara taɓa canji, ki yarda, ɗinkinki bai mutu ba. Abinda kika samu na biki ko suna ko wanda 'yan'uwanki suka ba ki naki ne, rigar filon da kika sayar kuɗinta naki ne ba mai tambayarki, a hankali za su taru, kafin nan ki roƙi telar nan ta layinku ta riƙa ba ki aron keke awa ɗaya in ba ta da aiki ki riƙa yi mata kalmasa ko sa maɓalli a madadi.

To sai hannun da kika ce ya mutu, wanda shi ya fi taɓa ni a wasiƙarki. Bai mutu ba ƙanwata. Da can in kika ɗauki allura hutu kike ɗauka, yanzu in kika ɗauke ta fuskarsa kike gani ranar da ya buɗe akwati, to ta ina zane zai zo? Ina kyautata zaton ranar da maganar nan ta fita daga cikinki za ki ga bambanci. Amma kar ki zauna jiran sai abu ya zo miki a kai, ki ɗauko buhun ƙyallayen ki zazzage a tabarma ki yi ta ware su kala-kala ko ba za ki ɗinka komai ba, ja gefe, shuɗi gefe, masu fure gefe, ki wanke su ki ga wanne ne yake zuba ki goge ki ninke. Hannu in yana taɓa kaya shi yake tuna wa kai. Kuma ki fara da ƙaramin abu wanda za ki gama a dare ɗaya, tsumman sauke tukunya ko 'yar jakar da yarinya za ta sa izu ta tafi islamiyya, abinda in ya ɓaci ba asara.

Zane kuma wallahi kina tsakiyarsa. Ke 'yar Zariya ce, kin tashi kina ganin aikin da ake yi wa babbar riga, aska takwas da sauransu, kin ga dagi a jikin bangon gidajen cikin birni, kin ga yadda ake jera launi a faifai da tabarma da zanen da ake yi wa ƙwarya da wanda ake yi wa amarya da lalle, duk wannan yana cikin idonki ko ba ki lura ba. Ga shi kuma Allah ya kawo ki garin Yarbawa, ki kalli ashoke yadda suke saƙa shi ƙyalle-ƙyalle siriri sannan a haɗa, ai kusan aikinki ne, ki kalli adire, rinannen yadin nan na Abekuta, yadda suke raba zane gida-gida kowane gida da nasa ado, ki tsaya ranar Asabar ki ga matan da suka sha anko za su biki yadda suke haɗa gwaggwaro da leshi kalar da ke ba za ki taɓa tunanin za su zauna tare ba. Ko danfon da mijinki yake shiga, ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu, shimfiɗar yaro ce guda. Ki samu littafi ɗan ƙarami na yara, duk abinda ya burge ki ki zana shi ko da karkace ne, ki manna ɗan guntun ƙyallen a gefe. Ranar da kan ya toshe sai ki buɗe. Kuma ki daina yin ɗinkin a ɓoye sai kowa ya yi barci, ki ware masa lokaci da rana, bayan yara sun tafi makaranta kafin ki ɗora girki ko minti arba'in ne, ki samu kwali ko tsohuwar jaka ki ce wannan ta aikin Mama ce ba mai taɓawa. Uwar muminai Zainab 'yar Jahsh jima take yi da ɗinkin fata da hannunta a ɗakinta tana sadaka da abinda ta samu, ba abin kunya kike yi ba balle ki riƙa yinsa kamar mai laifi.

In lokacin sayen keken ya yi ki nemi na ƙafa, ko Butterfly ko tsohuwar Singer, ba ruwanki da an kawo wuta ko an ɗauke, kuma in wanda aka taɓa amfani da shi za ki saya ki tafi da telar nan ta hau ta gwada shi a kan yadi mai kauri kafin ki biya. Ƙyallaye sun fi samuwa gab da salla da kuma watan Disamba lokacin da teloli suke kwana a shago, ki yi magana da biyu ko uku tun da wuri su riƙa tara miki. In kin fara sayarwa ki lissafa zare da shafi da soso da kuɗin mota da lokacinki kafin ki yanka farashi, ki ɗauki hoto da hasken rana ki sa a WhatsApp, matan islamiyya da masu jego su ne kasuwarki ta farko, kuma ki yi hankali da "kawo zan ba ki ƙarshen wata".

Abu na farko da za ki ɗinka bayan kun yi maganar, ki yi masa 'yar jakar ɗamara mai zif da zai riƙa zuba cinikin kasuwa, ki sa mata shafi biyu don ta jure. Ki rubuto min bayan zaman in ji yadda kuka ƙare, ina yi muku addu'a ke da shi da yaran.